Tantance Ɗan Kwangilar Aikin Kankare Kafin a Ba Shi Aiki a Gona

Gabatarwa

Gine-ginen kankare sun zama wani ɓangare na harkar noma a ƙasar nan. Manomin shinkafa yana buƙatar dandamalin shanya domin kada amfanin gonarsa ya gauraya da ƙasa da tsakuwa. Ƙungiyar manoma tana buƙatar sito mai daɓen siminti wanda damshi da ɓeraye ba za su ratsa ba. Mai kiwon kifi yana buƙatar tafkin kankare, makiyayi yana buƙatar komin shayar da dabbobi, manomin rani kuwa yana buƙatar magudanar ruwa da kwalbati da tanki. Dukkan waɗannan ayyuka suna cin kuɗi mai yawa, kuma sau da yawa da bashin banki ko da gudummawar 'yan ƙungiya ake yin su.

Aikin kankare ya bambanta da sauran ayyukan gona ta fuska guda mai muhimmanci. Idan aka yi kuskure wajen shuka, ana iya gyarawa a damina mai zuwa. Kankare kuwa, da zarar ya daskare, ya binne duk wani algus da aka yi a cikinsa. Ido ba ya iya gane yawan simintin da aka zuba, ko kaurin rodin da aka ɗaura, ko irin yashin da aka kwaɓa da shi. Sai bayan damina ɗaya ko biyu tsagewa da yoyo za su bayyana, alhali ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. A mafi yawan lokuta gyaran ba ya yiwuwa sai an fasa an sake. Haɗarin bai tsaya ga dukiya kaɗai ba. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasa rayukansu. Tankin ruwa da ke bisa ginshiƙai ko rufin kankare na sito, idan suka rufto, su ma suna iya halaka na ƙasa da su.

Saboda haka lokacin da manomi yake da cikakken iko a kan ingancin aikinsa shi ne kafin ya ba da aikin. Wannan jagora ya bayyana wa malaman gona da manoma matakan da za a bi domin tantance mai aikin: takardun da za a nema da abin da kowace take tabbatarwa, yadda ake duba ayyukansa na baya, tambayoyin da za a gwada saninsa da su, da kuma yadda za a ƙulla yarjejeniya.

Wane Irin Aiki, Wane Irin Ma'aikaci?

Ba kowane aiki ne yake buƙatar kamfani da injiniya ba, haka nan ba kowane aiki ne ya dace a miƙa wa birkila shi kaɗai ba. Matakin farko shi ne a san rukunin da aikin ya faɗa.

Rukuni na farko shi ne ƙananan ayyukan da ke zaune a ƙasa, waɗanda ba su ɗauke da wani nauyi a sama: dandamalin shanya, daɓen ɗakin kaji, komin ruwa, da daɓen bakin rijiya. Ƙwararren birkila mai shaidar sana'a, wanda aka ga aikinsa, ya isa ga waɗannan.

Rukuni na biyu shi ne ayyukan riƙe ruwa: tafkin kifi, tankin ƙasa, ramin wankan dabbobi da magudanar ban-ruwa. Waɗannan suna buƙatar wanda ya taɓa yin irinsu, domin ƙwarewa a ginin gida ba ta nuna cewa mutum ya iya hana ruwa yoyo. Ya kamata wani masanin aikin injiniya ya duba ma'aunin da tsarin rodin.

Rukuni na uku shi ne ayyukan da ke ɗauke da nauyi a sama ko waɗanda mota za ta bi ta kansu: tanki bisa ginshiƙai, rufin kankare, babban sito, kwalbati da ƙaramar gada. A nan wajibi ne a sami zane da lissafin injiniya mai rajista, kuma a sami wanda zai sa ido a kan aikin. Misali ɗaya ya isa a gane dalili. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan ɗaya ne. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 2 da zurfin mita 1.5 yana cin lita 6,000, wato tan 6, daidai da nauyin buhu 60 na masara mai kilo 100, ban da nauyin shi kansa tankin. Ginshiƙan da za su ɗauki wannan nauyi ba a ƙiyasta su da ido.

Takardun Shaida da Abin da Kowace Take Nufi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga takarda ɗaya mai tambarin gwamnati a ɗauka ta wadatar. Kowace takarda abu guda take tabbatarwa, kuma ya kamata a san iyakarta.

1. Takardar rajistar kamfani. Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wadda aka kafa a shekarar 1990, ita ce ke ba da ita, kuma a yanzu tana aiki ne da dokar kamfanoni ta shekarar 2020. Lambar kamfani tana farawa da haruffan RC, ta sunan kasuwanci kuwa da BN. Wannan takarda tana tabbatar da cewa doka ta san da kamfanin, kuma akwai wanda za a kai ƙara idan ta ɓaci. Ba ta tabbatar da cewa masu kamfanin sun iya kwaɓa kankare ba, domin hukumar ba ta jarraba kowa a kan sana'a.

2. Rajistar injiniya. Majalisar Kula da Aikin Injiniya ta Nijeriya, wato COREN, wadda aka kafa da dokar soja ta shekarar 1970, ita ce ke da ikon yi wa injiniyoyi rajista. Tana kuma yi wa masu fasaha da mataimakan injiniya da masu sana'ar hannu rajista, kowa a matakinsa. Wanda ba shi da rajistarta a matakin injiniya ba shi da hurumin sa hannu a kan zanen ginin da ke ɗauke da nauyi, ko da kuwa duk unguwa tana kiransa injiniya. A nemi lambar rajistarsa da shaidar cewa lasisinsa na wannan shekara yana aiki. A kuma lura da fanninsa: injiniyan lantarki ko na inji ba shi ne zai yi lissafin ginshiƙi ba.

3. Rajistar magini. Majalisar Magina Masu Rajista ta Nijeriya, wato CORBON, wadda dokar shekarar 1989 ta kafa, tana yi wa ƙwararrun magina rajista, wato waɗanda suka karanci tafiyar da aikin gini. Ƙa'idar Gine-gine ta Ƙasa ta shekarar 2006 ta ɗora wa magini mai rajista alhakin tafiyar da aikin gini a fili. Wannan ya shafi manyan gine-gine kamar sito na ƙungiya ko masana'antar sarrafa amfanin gona.

4. Shaidar sana'ar hannu. Ga birkila, takardar da aka fi sani ita ce ta jarrabawar sana'a wadda Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa. Tana da mataki uku: na uku shi ne na farawa, na ɗaya shi ne mafi girma. Akwai kuma takardar Hukumar NABTEB mai hedikwata a Binin, wadda ɗaliban kwalejojin fasaha ke samu a fannin jera bulo da aikin kankare. Ya kamata a sani cewa akwai birkiloli da yawa masu kyakkyawan hannu waɗanda a wurin ubangida suka koyi sana'a, ba su da takarda ko ɗaya. Rashin takarda ba ya hana a ba su aikin rukuni na farko, amma yana ƙara wajabta duba ayyukansu na baya da jin ta bakin wanda ya yaye su.

5. Takardun haraji da na ma'aikata. Idan kuɗin aikin na gwamnati ne ko na wani shirin tallafi, akan nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka gabata, da shaidar bin dokokin fansho da na diyyar ma'aikata. Ga aikin manomi ɗaya ba lallai ba ne a nemi duka, amma kamfanin da yake da su a shirye yana nuna cewa yana tafiyar da harkarsa bisa tsari.

Yadda Ake Tabbatar da Sahihancin Takardu

Kwafin takarda ba hujja ba ne, domin a yau ana iya shirya na jabu cikin mintuna kaɗan. A bi waɗannan matakai:

a. A nemi ganin ainihin takardar, a kwatanta sunan da ke jiki da katin shaidar ɗan ƙasa ko katin zaɓe na wanda ya kawo ta.

b. A bincika sunan kamfanin da lambarsa a shafin intanet na Hukumar Rajistar Kamfanoni. Binciken suna kyauta ne, ana iya yin sa da wayar hannu, kuma yana nuna ko kamfanin yana kan aiki ko kuwa ya daina gabatar da bayanansa na shekara.

c. A tabbatar da lambar injiniya ko ta magini daga majalisar da ta bayar, ta shafinta ko ta ofishinta. Sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da sashen injiniya na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na jiha suna iya taimakawa.

d. A kira injiniyan da aka ambata a ji daga bakinsa. Ya san da aikin? Shi ne ya yi zanen? Sau nawa zai zo wurin? Aron takardu al'ada ce da ta yaɗu: mutum ya karɓi takardun kamfanin wani ko satifiket ɗin wani injiniya domin ya ci kwangila, mai takardar kuwa bai ma san inda gonar take ba.

e. A ziyarci ofis ko shagon ɗan kwangilar. A ga kayan aikinsa: injin kwaɓa kankare, injin girgiza kankare, katakon zubi, baro da ma'aunin daidaita bisa. Idan haya zai yi, ya faɗi inda zai samo su.

f. A tabbata sunan asusun bankin da za a biya kuɗi ya yi daidai da sunan da ke cikin yarjejeniya.

Ziyarar Ayyukan Baya

Gani ya kori ji. Wannan mataki ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A nemi ɗan kwangila ya nuna aƙalla ayyuka uku irin wanda ake so ya yi, waɗanda suka ga damina biyu ko fiye. Sabon aiki da aka shafe da ruwan siminti kullum kyau gare shi, ba ya nuna komai. Hoto a waya ma ba hujja ba ne. Ya kamata mutum biyu ko uku su je da ƙafarsu, tare da malamin gona, su duba waɗannan abubuwa:

Fuskar daɓe. A karce ta da ƙusa mai inci 4. Kankare mai kyau ƙusa ba ta barin komai a kansa sai ɗan zane. Idan yashi yana tashi ko fuskar tana gari, an ƙwari siminti, ko an cika ruwa a kwaɓi, ko kuma ba a shayar da kankaren ba bayan zubi.

Sauti. A ƙwanƙwasa da guduma ko guntun rodi. Kankare mai ƙarfi yana amsawa da sauti mai kaifi. Sauti irin na ganga yana nuna rami a ƙasa ko fuskar ta rabu da jiki.

Tsagewa. Siraran tsagu kamar gashi ba su da illa sosai. Tsagar da kan ashana ke shiga, ko wadda gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tudu, alama ce ta cewa ba a daddale ƙasa ba kafin zubi ko kuma harsashi ya motsa.

Ramuka da tsatsa. Inda tsakuwa ta fito tsirara kamar saƙar zuma, ba a girgiza kankaren ba. Jan tabo na tsatsa ko rodi a waje yana nuna cewa kankaren da ya rufe rodin bai kai kauri ba.

Kwanciyar ruwa. A zuba bokitin ruwa a dandamali a ga inda zai bi. Idan ya kwanta a tsakiya, gangaren bai yi ba, kuma hatsin da aka shanya a wurin zai jiƙe ya yi fumfuna.

Tafki da tanki. A duba bangon ta waje, musamman inda ya haɗu da daɓe da inda bututu ya ratsa. Damshi, gansakuka ko farin tabo kamar na kanwa alamun yoyo ne.

Daga nan a keɓe da mai wurin, ba a gaban ɗan kwangilar ba, a tambaye shi: An gama a kan lokaci? An nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki? Shi ne ya tsaya a kan aikin ko ya sayar wa wani? Ya biya leburorinsa? Da aka kira shi gyara ya dawo? Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi nuna halin mutum.

Tambayoyin Gwada Sani

Manomi ba ya buƙatar zama injiniya kafin ya gane wanda ya san aikinsa. Ga tambayoyi takwas tare da amsar da ake sa ran ji.

1. Wane haɗi za ka yi? Ana faɗar haɗi da lamba uku: siminti, yashi, tsakuwa. Haɗin 1:3:6 na cikon harsashi ne. Haɗin 1:2:4 shi ne na daɓe da dandamali da ƙananan ayyukan rodi. Haɗin 1:1½:3 na tanki ne da tafki. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, saboda haka a haɗin 1:2:4 buhu ɗaya zai ci kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Wanda ya ce da shebur ko da ido yake awo bai cancanta ba.

2. Buhu nawa aikin zai ci? Mita ɗaya ta kankare a tsawo da faɗi da zurfi tana cin buhu 6 da ɗan ɗoriya a haɗin 1:2:4, kimanin buhu 4 da rabi a haɗin 1:3:6, da kimanin buhu 8 a haɗin 1:1½:3. Dandamali mai mita 10 sau mita 10 da kaurin santimita 10 zai ci buhu 63 zuwa 65 a haɗin 1:2:4.

3. Ruwa nawa ne ga buhu? Kimanin lita 25, wato jarka ɗaya, a rage idan yashin yana da damshi. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin zubi, amma yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare ƙwarai. Ruwan kuma ya zama mai tsabta, irin wanda za a iya sha.

4. Daga ina yashi zai fito? Ana son yashin kogi mai kaushi wanda ba shi da laka. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba yashi tsayin santimita 5 a kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ya kwanta na wasu sa'o'i. Idan lakar da ta kwanta a sama ta wuce milimita 3, sai an wanke yashin ko a sauya shi.

5. Wane siminti za ka saya? A jikin buhu akwai lambar daraja, 32.5 ko 42.5, wadda ke nuna ƙarfinsa bayan kwana 28. Ga ginshiƙi da rufi da tanki, a bi abin da injiniya ya rubuta. A duba alamar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON. Simintin da ya yi ƙulalai masu tauri ya sha damshi, a mayar da shi. Wanda ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa.

6. Yaya za ka tabbatar da kaurin rodi? Akwai rodin da kaurinsa bai kai abin da aka kira shi ba. Sikelin awon hatsi yana iya tona wannan. Sanda mai tsawon mita 12 ya kamata ta kai kimanin kilo 7.4 idan mai milimita 10 ce, kilo 10.7 idan mai 12 ce, kilo 19 idan mai 16 ce. Haka kuma dole a ɗaga rodi da 'yan dunƙulen siminti domin kankare ya rufe shi da santimita 2.5 aƙalla, ya kai 4 zuwa 5 inda yake taɓa ƙasa ko ruwa.

7. Kwana nawa za ka shayar da kankaren? Kankare yana ƙarfi ne ta hanyar haɗuwar siminti da ruwa, kuma wannan haɗuwa tana tsayawa idan ya bushe da wuri. Ana shayar da shi kwana 7 aƙalla, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko yashi mai damshi ko leda. A kwana 7 yana samun kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 yake kai wanda ake lissafi da shi. Lokacin hunturu da bazara, iska da zafin rana suna busar da fuskarsa cikin sa'o'i, don haka a yi zubi da sassafe ko da yamma. Togacin da ke ƙarƙashin rufin kankare kuwa ba a cire shi kafin mako biyu zuwa uku.

8. Me ka lura game da ƙasar wurin? Ɗan kwangilar da ya yanke farashi ba tare da ya taka filin ba, ƙiyasi kawai ya yi. Baƙar laka irin ta yankin Tafkin Cadi da kwarin Binuwai da wasu fadamu tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana karya duk daɓen da aka ɗora mata kai tsaye. Masani zai ce a kwashe ƙasar sama, a cika da marmara ko tsakuwa, a daddale.

Akwai ƙarin abubuwa da suka keɓanta da gine-ginen gona. Dandamalin shanya yana buƙatar gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, da layin rabo a kowace mita 3 domin tsagewa ta bi layin. Daɓen sito yana buƙatar shimfiɗar leda mai kauri a ƙarƙashinsa domin hana damshi hawa. Sabon tafkin kifi yana fitar da sinadarin siminti mai kashe 'ya'yan kifi, don haka sai an cika shi da ruwa an zubar sau da yawa cikin makonni kafin a zuba su. Wanda ya ambaci waɗannan da kansa kafin a tambaye shi ya taɓa aikin gona.

Kwatanta Farashi

A karɓi farashi a rubuce daga mutum uku aƙalla, kuma dukkansu a ba su ma'auni iri ɗaya: tsawo, faɗi, kauri da haɗi. Kowa ya rarrabe kuɗin siminti, yashi, tsakuwa, rodi, katako, ruwa, sufuri da ƙwadago. Farashin dunƙule wanda ba a rarrabe ba ba ya kwatantuwa.

Araha ba ta ado. A koma ga dandamalin nan mai mita 10 sau 10. Idan aka rage kaurinsa daga santimita 10 zuwa 7, aka kuma sauya haɗin zuwa 1:3:6, simintin da zai ci bai wuce buhu 31 ba, wato ƙasa da rabin abin da ya kamata. Ranar miƙa aiki dandamalin biyu kamanninsu ɗaya, amma na biyun zai fara farfashewa da zarar an yi sussuka a kansa ko amalanke ta hau. Duk farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran da nisa, a nemi bayanin inda rangwamen ya fito.

Yarjejeniya da Biyan Kuɗi

Komai kusanci da komai ƙanƙantar aiki, a rubuta yarjejeniya da harshen da ɓangarorin biyu suke ji. Ta ƙunshi: cikakken suna da adireshin kowa, ma'aunin aiki da zanensa, haɗi da yawan buhunan siminti da girman rodi, wanda zai sayo kaya da wanda zai kawo ruwa, ranar farawa da ta gamawa, wanda alhakin shayar da kankare ke kansa, wanda zai ɗauki nauyi idan lebura ya ji rauni, sharaɗin cewa ba za a miƙa aikin ga wani ba sai da izini, da wanda za a je gabansa idan saɓani ya taso. Shaidu biyu su sa hannu, kamar mai unguwa da shugaban ƙungiya. Babban aiki kuwa a kai wa lauya ya duba.

Kada a biya kuɗi gaba ɗaya tun farko. Ita kanta gwamnati ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami: dokar ba da kwangila ta shekarar 2007 ta tsayar da shi a kashi 15 cikin 100, gyaran shekarar 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangila na gida. Manomi ba shi da dalilin wuce wannan. Sauran kuɗin a biya shi mataki-mataki: bayan haƙa da ciko, bayan ɗaurin rodi, bayan zubi da shayarwa. A riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har tsawon wata shida ko har damina ta wuce. Kowane biya a karɓi rasit.

A sanya sharuɗɗa uku na dubawa. Na farko, ba za a zuba kankare ba sai mai aiki ko wakilinsa ya ga rodi ya auna zurfin zubi. Na biyu, a tara buhunan simintin da aka juye a ƙirga su kowace yamma. Na uku, tafki ko tanki a cika shi da ruwa, a bar shi ya jiƙu, a sa alama, a duba bayan kwanaki kafin biyan ƙarshe. A manyan ayyuka ana ɗibar kankare ranar zubi a zuba a 'yan akwatuna masu santimita 15 ta kowane gefe, a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. Sassan injiniyan gine-gine na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha suna yin wannan gwaji.

Alamomin da Za Su Sa a Janye

A yi hattara da wanda ya ƙi nuna ayyukansa na baya ko ya nuna sababbi kawai. Wanda ya nemi fiye da rabin kuɗi kafin ya fara. Wanda ya ƙi rubutu yana cewa amana ta wadatar. Wanda sunan takardunsa ya saɓa da na asusunsa. Wanda ke matsa lamba a yanke shawara nan take. Da wanda ya fusata don an yi masa tambaya. Mai gaskiya kuma masani yakan yi maraba da tambaya, domin ita ce ke bambanta shi da 'yan ci-da-ceto.

Rawar Malamin Gona

Malamin gona ba shi ne zai zaɓa wa manomi ɗan kwangila ba, kuma bai kamata ya karɓi la'ada daga kowane ɓangare ba. Aikinsa shi ne ya taimaka a tantance rukunin aiki, ya haɗa manoma da injiniyan ma'aikatarsa, ya raka su ziyarar gani da ido, ya kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba abin da yarjejeniya ta ƙunsa. Yana da amfani ya ajiye littafi na ayyukan kankare da aka yi a yankinsa, da wanda ya yi kowane, da halin da yake ciki bayan shekara biyu. Ga ƙungiyoyi, a kafa kwamitin mutum uku na sa ido, kuma ɗan uwan shugaba ya bi matakan da kowa ya bi. Inda aka rasa tabbaci a kan wani, a fara gwada shi da ƙaramin aiki kamar daɓen bakin rijiya.

Kammalawa

Tantance ɗan kwangila ba zai ci fiye da mako ɗaya ko biyu da ɗan kuɗin mota ba, alhali ginin kankare da aka yi bisa ƙa'ida yana iya yi wa manomi hidima shekaru masu yawa. A tabbatar da takardu daga inda suka fito, a ga tsohon aiki da ido, a gwada sani da tambaya, a rubuta yarjejeniya, a biya bisa mataki. Manomin da ke shirin irin wannan aiki ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa tun kafin ya sayi buhun siminti na farko.